Kwalbar da Gwaggo Ige Ta Ɓata

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta ba. A ofishin malamai a tare ni, a majalisarmu ta gindin darbejiya a tare ni, har mai ƙosan bakin tasha sai da ta ce, "Malam Murtala, ina tsarabar Gana?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in kawar da kai. Malam Lawwali mai koyar da tarihi har ya fara yaɗawa wai na leƙa ƙasar waje na dawo da girman kai. Girman kan me, Lawwali? To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni, don bakina ba ya iya faɗinsa sau biyu.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a nan Tambuwal, ina kuma karatun digiri na biyu a Sakkwato, irin na Juma'a da Asabar. Abin da nake bincike a kai ba shi da wuyar faɗa. Ruwan nan da muke sha akwai wata iska ɗaure a cikinsa, haidurojin. In aka raba ta da ruwan, tana cin wuta kamar gas ɗin girki, ba hayaƙi, ba toka. Akwai kuma irin garin da in ka zuba a ruwa ka ajiye a rana, yakan tsotsi haske ya yi wannan rabawar. Ɗaya daga cikinsu daga takin yuriya ake samunsa, wannan dai farin takin da muke zuba wa gero. A rufe shi a ƙaramar tukunya a ba shi wuta sosai, sai ya koma gari ruwan ɗorawa. Illarsa raggo ne. Ƙarfin da ya kamo daga haske, kafin ya yi aiki da shi ya zubar. Sai an haɗa shi da wani abu da zai riƙe masa. Neman wannan abokin haɗi shi ne ya cinye mini shekara biyu.

Wadda ta sa ni cikin wannan wahala ba tare da ta sani ba ita ce Gwaggo Ige, yayar babana, wadda ta raine ni a Kebbe bayan rasuwar mahaifiyata. Maginiya ce, tukwane da tuluna da randuna, kuma ita kaɗai ta rage a unguwarsu tun da roba ta cika kasuwa. Hayaƙin matoya, wurin gasa tukwane, da na murhu sun gama da ƙirjinta. Tun ina yaro da tarinta nake tashi. Ba ta taɓa kirana da sunana ba tun da na fara wannan karatu, sai dai Mai-kwalabe.

Haɗi shida na yi a Sakkwato, a tandar lantarki, da sinadaran kanti masu takarda a jiki. Na bakwai so na yi ya zama yuriya zalla, don in gwada sauran da shi. Sai wuta ta yi ta wasa da mu, a kawo a ɗauke, tanda ta ƙi samuwa. Da na gaji, na ɗauki yuriyata na tafi Kebbe ranar da Gwaggo za ta gasa tukwane. Na ba ta, na ce ta zuba a ƙaramar tukunya ta rufe ta sa a tsakiyar wuta, kada a ƙara komai. Sau biyu na faɗa, kada a ƙara komai.

Da na koma ɗauka, na buɗe tukunya, ba ruwan ɗorawa ba alamarsa. Wani gari ne dusu-dusu, launin ƙasa mai duhu.

"Gwaggo, mi kinka sa ciki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tulun da take shafewa. "Farin abin ga naka ba shi da jiki. Wuta lashe shi za ta yi ta bar ma tukunya wayam. Sai na kwaɓa shi da haɗina kaɗan, wanda nika sa ma tukwane don kada su tsage."

"Wane haɗi kuma?"

"Yumɓu na, da baƙar ƙasa. Zamna in gaya ma inda nika..."

Ban zauna ba. Raina ya riga ya ɓaci. Na ce, "Gwaggo, ki bari don Allah. Wanga ba ginin tulu ba na, ilimi na. Kin ɓata min aiki."

Ta dube ni, ta yi tarinta, ta ce, "To, mai ilimi." Ta koma kan tulunta. Garin dai na juye a kwalba na rubuta masa lamba bakwai, ba don komai ba sai don kada layi ɗaya ya zauna fanko a takardata.

Na'urar da ke auna haidurojin a wajenmu ta daɗe kwance tana jiran wani ƙarfe daga waje. A wani taro da aka yi ta waya na san wata malama ta wata jami'a a Kumasi, Dakta Efuwa, ta ce tata na aiki, in zan iya zuwa in zo. Jirgi ba na malamin makaranta ba ne, sai na ce in bi ƙasa. Lawwali ya ce hanyar kakanninmu fataken goro ce, in je in gaishe masa da Gwanja. Shi da bai taɓa wuce Jega ba.

Kafin in tafi na je sallama Kebbe. Cikin bazara ne. Kun san hanyar, ba sai na ɓata baki ba. Sanda, ɗan Gwaggo, shi ya ɗauko ni a kabu-kabunsa, kafin mu isa hanjina ya koma wuya. Gwaggo ta rame, amma ta tashi ta ɗaura mini ƙuli-ƙuli da yaji a leda. Ta ce, "Ka ɗauki wadda na ɓata?" Na ce na ɗauka. Ta yi dariya har tari ya tare ta.

Daga tashar Tambuwal muka tashi, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Muka bi ta Jega, muka gangara Bagudo, muka haye kogin Kwara, sai Tsamiya a bakin iyaka. A motar Allah ya haɗa ni da wani Alhaji mai albasa, ɗan Aliero, wanda ya daɗe yana bin hanyar nan har Faransancin kasuwa ya zauna masa a baki. Da ya ga yadda nake rungume da jaka ya ce, "Malam, magani kaka saidawa?" Na yi masa bayani tun daga yuriya har haidurojin. Ya saurara tsaf, sannan ya ce, "Wato dai ruwa za ka mai da wuta." Na ce kusan haka. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ja hularsa ya rufe ido. Na san bai yarda da ko kalma ɗaya ba.

Iyaka uku na ƙetare a tafiyar nan, ba zan faɗi wacce ce ba don jami'in da ya tare ni aikinsa ya yi. Ya buɗe jakata, ya zaro safar da na cusa kayan aikina a ciki, ya ga kwalabe bakwai cike da gari. Nan take fuskarsa ta canja. Ya yi magana da sauri da Faransanci, Alhaji ya matso ya raɗa mini, "Malam, shina zaton hodar nan ta da anka hana." Na fito da takardar gayyata, ita kuma da Turanci take. Mutumin ya juya ta gaba da baya ya ajiye. Ya ce dole ya gwada ɗaya, ni in zaɓa.

Wallahi ko tunani ban yi ba. Na miƙa masa ta bakwai.

Ya shimfiɗa takarda ya zazzage fiye da rabi, ya ɗiga wani ruwa, ya jira. Ba abin da ya faru. Ya ƙara zazzagewa ya ƙara ɗigawa. Daga nan ya kakkaɓe takardar a ƙasa, ya rufe kwalbar ya miƙo mini, har da ba ni haƙuri da ruwan sanyi a leda. Abin da ya rage a gindin kwalbar bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Na koma mota ina murna, ina ce wa raina kai Murtala akwai wayo, shidan nan masu tsada ko taɓa su ba a yi ba.

A ƙasar Binin abin da ya fara ba ni mamaki burodi ne, dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawo, in ka ciza sai dasashi ya yi ƙara. Na biyu mata a kan babur, da goyo, da kwando a kai, suna sheƙa gudu ba mai kallonsu. A Faraku muka rabu da Alhaji. Ya damƙa ni a hannun wani direba, ya ce masa, "Wanga malami na, ruwa shika mai da wuta, ka kula da shi." Na kwana a Zugu, a wani ɗaki bayan tasha da sauro suka riga ni kamawa. Washegari muka shiga Togo. Ni mutumin fili ne, ban saba da hanya mai hawa da kwana-kwana ba, kafin mu kai Basari na mayar da burodin nan duka ta taga. Wata tsohuwa a gefena ta miƙo mini lemun tsami. Muka shiga Gana ta Tatale, sai Yandi, sai Tamale, na sake kwana. Rana ta uku da la'asar na sauka Kumasi, ana tsuga ruwa. A lokacin nan a gida ko gajimare babu.

A zango na sauka, unguwar Hausawa, gidan wani dattijo, Baba Seidu, wanda wani ɗan garinmu ya ba ni lambarsa. Da ya ji daga Tambuwal nake, sai ya kama hannuna ya ƙi saki. Kakansa daga Sanyinna, nan kusa da mu, ya taso da ayarin goro, ya zo ya yi aure, bai ƙara komawa ba. Shi Baba Seidu bai taɓa ganin Sanyinna ba, amma kullum sai ya sa na faɗa masa yadda take, ko akwai kuka a bakin kasuwa, ko har yanzu ana noman maiwa. Hausarsu ta zango tana ba ni dariya, tawa tana ba su. In na ce "abin da nika so", sai jikokinsa su kwashe da shewa.

Abinci kuwa mun sha fama. Akwai dokunu, ƙullin masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, ranar farko na ɗauka ya lalace ne na ture. Akwai wake da shinkafa da suke ɗora wa taliya da ƙwai da garin rogo da wani baƙin yaji duk a ganye ɗaya, kai ka ce mai abincin tashi za ta yi daga garin. Sakwararsu kuma a cikin ruwan miya take iyo, ba a taunawa, haɗiya ake yi. Abin da ya riƙe ni koko da ƙosai ne, wanda su ma da sunan Hausawa suke kiransa, sai ƙuli-ƙulin Gwaggo da nake gutsura kaɗan-kaɗan.

Asabar ta farko na fito na tarar an toshe titi. Rumfuna, kujeru, ganguna, mutane cikin ja da baƙi, ga hoton wata tsohuwa ƙato a jikin bango. Na ce biki ake yi? Baba Seidu ya ce jana'iza ce ta maƙwabtansu Asantawa. Matar ta fi wata biyu da mutuwa, tana asibiti cikin sanyi, ana jiran 'ya'yanta su iso daga ƙasashen waje. Na riƙe baki. Na ce a'uzubillahi, mu a wajenmu in ka cika da hantsi, kafin azahar ka kwanta a makwancinka, shi ne sutura, shi ne mutunci. Na yi ta zuba, har da ɗaga hannu.

Baba Seidu ya ce, "Mu ma a zango haka muke yi, kuma shi ne daidai." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ni ban ga uwata ba, kafin in iso an kai ta. Ina Tamale lokacin." Daga nan ya shiga tambayata farashin gero.

Dakta Efuwa 'yar gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, ban taɓa ganinta zaune ba, ko abinci a tsaye take ci. Aikin kuma ga yadda yake. A auna gari a zuba a ruwa cikin gilashi mai rufaffen baki, a kunna masa wata fitila da ke kwaikwayon rana. Duk bayan awa ɗaya a zuƙi iskar saman ruwan da sirinji a tura cikin na'ura. In akwai haidurojin, wani layi a fuskar kwamfuta sai ya yi tsalle. Kwalba ɗaya, yini ɗaya.

Ta ɗaya layi ya ɗan motsa. Ta biyu haka. Ta huɗu, wadda na fi sa wa rai, wadda na yi wa tanadin sunan da zan sa a takarda, ita ma ɗan tudu ta yi ta kwanta. Dakta Efuwa tana cewa ba laifi, ba laifi, amma ni malami ne, na san irin ba laifin da ake ce wa yaron da ya faɗi. Kwana shida, shekara biyu ta tashi a banza. Na fara haɗa kaya. Ta ga kwalba ta bakwai a gefe ta ce wannan fa? Na ce wannan kuskure ne, wata tsohuwa ce ta ɓata. Ta ce na'ura dai ba kowa a kanta yau, zuba.

Bayan awa ɗaya na tura sirinji, layi ya tashi sama kamar an tsikare shi. Dakta Efuwa ta ce na'ura ce ta rikice. Ta wanke, ta gwada da iska zalla, ta sake turawa. Ya sake tashi, ya fi na farko. Muka duƙa muna leƙen gilashin, sai ga 'yan ƙananan kumfa suna fitowa daga garin Gwaggo suna hawa, a hankali, ba sa tsayawa. Rannan na ga Dakta Efuwa ta jawo kujera ta zauna.

Washegari muka maimaita da ɗan abin da ya rage, haka dai. Ragowar ƙurar jikin kwalba ta kai wata na'ura, aka ce akwai ƙarfe a ciki da wani ma'adini, taitaniyom. Ta ce wannan ya gaya mana su wane ne a ciki, bai gaya mana nawa-nawa ba, ko kwana nawa aka jiƙa, ko wace irin wuta ya sha. Kuma ba wanda zai karɓi aikin da ba a iya maimaitawa. Sai an sake yin haɗin, sau uku aƙalla, daga ƙasa ɗaya.

"Ina sauran garin?" in ji ta.

Na ce yana ƙasan wani ofishi a bakin iyaka, in ba a share ba.

"To me aka sa a ciki?"

Na ce ban sani ba. An so a faɗa mini, ban zauna ba.

Na kira Sanda na ce ya kai wa Gwaggo waya. Muryarta ta yi ƙasa sosai. Na faɗa mata komai. Ta daɗe tana dariya da tari a haɗe.

"Ashe ɓarnata ta yi rana, Mai-kwalabe?"

"Ta yi, Gwaggo. Ki gafarce ni. Ina kika ɗibo baƙar ƙasar?"

"Wurin ba shi faɗuwa ta waya. Ni ma uwata da ƙafa ta kai ni. Ka taho in kai ka. Akwai sauran ƙasar ɗaki, gobe in kwaɓa ma curi guda in rufe da buhu, in ka zo ka iske shi ya kwana."

Sanda ya karɓi waya ya fita waje, na ji ƙarar ƙofar langa-langa. Ya ce, "Yaya, ka taho gida. Kwana fuɗu ke nan ba ta ci komai ba sai kunu."

Na ce ina nan tafe.

Nan ne wurin da ya sa nake kawar da kai in kun tambaye ni. Dakta Efuwa da kanta ta ce in kama hanya gobe. Ban tafi ba. Na ce ta ba ni mako ɗaya. Tun da na san akwai ƙarfe da taitaniyom, ga su nan a kwalabe a kan kanta, sai na ce bari in haɗa da kaina. Na ce wa kaina don in rage wa tsohuwa wahala ne. Ƙarya ne. Ba na son in tsaya gaban manyan malamai a Sakkwato in ce abin da ya yi aiki a bincikena wata maginiya ce da ba ta san bihim ba ta kwaɓa shi, ni kuma na yi mata tsawa. So nake in koma da abin a hannuna, in ce ni na gano.

Kwana takwas ina haɗawa ina gasawa ina tura sirinji. Layi ko kallona bai yi ba. Sanda ya kira sau biyu, ina ce masa jibi, jibi.

Ranar Alhamis na kashe ƙarar waya na shiga ɗakin gwaji tun da safe. Da na fito sallar azahar na ga kiran Sanda a jere har ban iya ƙirgawa ba. Na kira. Ya ce, "Yaya, Inna ta cika da hantsi. Yanzu munka dawo daga kai ta."

Na tsaya a bakin famfo da butar alwala a hannu. Abin da ya fara zuwa raina, Allah ya yafe mini, matar nan ce ta cikin sanyi da aka ajiye wata biyu ana jiran 'ya'yanta. Na yi istigfari, na sake yi. Amma ya zo, kuma ba zan ce bai zo ba. Da na koma zango na faɗa wa Baba Seidu, bai yi mini wa'azi ba. Ya ɗauki jakata da kansa ya raka ni tasha.

Komowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hanyar ce dai, iyakokin ne dai, ba wanda ya buɗe jakata ko sau ɗaya. Na isa Kebbe an riga an yi sadakar uku, tabarmi ma an fara naɗewa. Na zauna karɓar gaisuwa tare da Sanda. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ta yi ta cigiyarka." Na san ba da mugunta suke faɗa ba.

Sai rana ta biyu na iya tambaya, kuma da kunya na yi. Na ja Sanda bayan ɗakinta, wurin da take kwaɓa yumɓu. Buhun yana nan, a shanye a kan katanga, ya bushe ƙamas. Ƙasan wurin an share.

"Sanda, curin da ta ce ta aje min fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ta kwaɓa, washegarin wayarmu, da rarrafe ta fito ta yi shi, ta hana kowa ya taimaka. Kullum sai ta sa an yayyafa wa buhun ruwa. Ranar da ta cika shi ya tafi neman likkafani. Kun san yadda muke yi, in an sa mamaci sai a jera tukwanen da aka raba biyu a rufe shi, a liƙe tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa kafin a tura turɓaya. Maƙwabta suka shigo ɗaukar tukwanenta da ba a sayar ba. Bazara ce, ƙasar maƙabarta ta yi tauri, ruwa kuma da nisa. Suka ɗaga buhu suka ga yumɓu kwaɓaɓɓe, mai laushi, na hannunta. Suka ce Allah ya hutar da su, suka ɗauka.

"Ban gani ba sai bakin kabari, Yaya. Liman na tsaye, an riga an liƙe rabi. Na gane shi, baƙi-baƙin nan. Mi zan ce? In ce su ɓamɓare?"

Na ce a'a. Na ce sun kyauta.

Na duba ɗakinta, kwanon da take ajiye baƙar ƙasar an wanke shi an kife. Na bi matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Duk sun san tana fita da kwano da sassafe ita kaɗai, bayan ruwa ya janye. Wata ta ce gabas take yi, wajen gulbi. Wata ta rantse yamma ne, ta bayan fadama. Wata tsohuwa ta ce, "Wa za shi tambaya, ɗan nan? Wa ka son ginin tukwane yanzu? Kai ɗai taka cewa za ta kai."

Da la'asar Sanda ya kai ni maƙabarta. Kabarin yana gefe, kusa da wata aduwa, an dasa reshe a wajen kai. Na tsuguna. Kwalba ta bakwai tana aljihuna, ba komai a cikinta. Shekara biyu ina neman abu daga Sakkwato har Kumasi, rannan na san daidai inda yake, bai fi kamu biyu daga gwiwata ba. Na ɗora hannu a kan ƙasar, da zafin rana a jikinta. Na yi mata addu'a, na roƙi gafararta da baki, da ƙarfi, yadda ya kamata in yi a tsakar gidanta ranar da ta ce in zauna. Sanda ya juya baya ya yi kamar yana duba tayar babur.

Yanzu duk Asabar ina Kebbe. Sanda ya ɗauke ni mu bi bakin gulbi, in na ga ƙasa ta yi duhu in sauka in ɗiba. Na aika wa Dakta Efuwa kala-kala, tana gwadawa, tana rubuto mini ba laifi. A takardar da na miƙa a Sakkwato kuwa, a layi na bakwai, inda ake rubuta yadda aka yi haɗi, na sa sunan Gwaggo cikakke. Malamina mai duba binciken ya zagaye wurin da jan biro, ya rubuta a gefe cewa in je in tambaye ta adadin abin da ta zuba.

To, Lawwali, ka ji Kumasi.